Wutar naira 20,000 ba ta kai mu kwana goma ba, mitar ce ke gudu ko haka kowa ke fama?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, domin abin ya fara fin ƙarfina. Gidana ɗaki uku ne da falo a nan Kano, ni da maiɗakina da yara huɗu. Ranar 2 ga wata na loda wutar naira 20,000, aka ba ni yunit 88 da ɗan ɗoriya. Daren jiya mita ta fara kuka, kafin asuba ta ɗauke. Kwana tara kacal. Abin da ke gidan: firiza ɗaya, ƙaramin firji, fanka biyar, talabijin, dutsen guga, sai injin da ke tura ruwa tanki. Akwai esi ɗaya a ɗakina, ita ma ba kullum nake kunna ta ba. In aka tafi a haka kusan 67,000 ke nan a wata, ni kuwa ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata. Shin mitar ce ta samu matsala, ko haka kowa yake fama?

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zargi mita duba saƙon da ya shigo maka lokacin da ka sayi wutar. In dai 20,000 ta ba ka yunit 88, to an mayar da layinku Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana kuma ya fi kowa tsadar yunit, ko an faɗa muku ko ba a faɗa ba. Mu ma haka muka wayi gari muka gani.

Abban_Hanifa:
Wallahi ban lura ba. Ni dai na san a da wannan kuɗin yakan kai mu dab da ƙarshen wata. Ban taɓa tsayawa na duba yawan yunit ba sai wannan karon.

Malamin_Lissafi:
Abban Hanifa, bari mu bi abin daki-daki, don da yawanmu muna biyan kuɗin abin da ba mu san ma'auninsa ba. Yunit ɗaya shi ne abin da kaya mai cin wat 1,000 zai sha idan ya yi awa guda cur yana aiki. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya cinye yunit ɗaya, dutsen guga kuwa a awa ɗaya zai kusa lashe shi.

A ranar 3 ga Afrilun 2024 NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ɗaga kuɗin yunit na 'yan Band A daga wajen naira 68 zuwa 225. A watan Mayu aka sauke shi zuwa 206.80, a Yuli kuma aka mayar da shi 209.50. Ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, yunit ɗaya ya tashi a kan naira 225 da 'yan kwabbai. Raba 20,000 da 225, ga 88 ɗinka nan ta fito. A tsohon farashi kuɗin nan zai ba ka sama da yunit 270, shi ya sa yake kai ka wata.

Sai shan gidanka. Yunit 88 a kwana tara, kusan 10 ke nan a rana. Fankar silin irin wadda muka saba da ita tana cin wat 70 zuwa 75. Guda biyar su yi awa 12 suna juyawa, yunit huɗu da rabi ya tafi. Firiza a wannan zafin ta ci biyu zuwa uku, firji ya ci ɗaya, injin ruwa mai doki ɗaya in ya yi awa guda ya ci kusan ɗaya. Ka ga an kai tara tun ba a taɓa guga da esi ba. Esi mai doki ɗaya da rabi kuwa ta fi yunit ɗaya a kowace awa in injinta na aiki. Ni dai a lissafina ban ga alamar mita na gudu ba. Farashi ne ya ninka sau uku, ga kuma bazara.

Maman_Khairat:
Innalillahi, fanka? Malam, wallahi ni duk zatona fanka ba ta cin komai. Kullum faɗana a kan dutsen guga yake, ashe ga inda kuɗin ke zurarewa. A gidana yara su tafi makaranta su bar ta ɗakinsu tana juyawa har azahar.

Bazazzage77:
Malamin Lissafi, lissafinka ya yi kyau a takarda, amma ban yarda a wanke mita haka kawai ba. Ni da maƙwabcina layinmu ɗaya, kayan gidanmu kusan ɗaya, amma wutarsa ta 10,000 tana fin tawa daɗewa da kwana uku zuwa huɗu. Tasa tsohuwar mita ce, tawa sabuwa. Me za ka ce a nan?

Malamin_Lissafi:
"Kusan ɗaya" ɗin nan shi ne inda maganar take, ɗan'uwa. Firiza biyu masu girma ɗaya, wata sai ta ci ninkin wata. Ban ce mita ba ta lalacewa ba, na ce a gwada kafin a yanke hukunci.

Mai_Wayarin:
Shekarata 19 ina aikin wayarin, kuma wannan ƙorafin kusan kullum sai an kira ni a kansa. Ga gwajin da kowa zai iya yi ba tare da ya biya ko sisi ba. A jikin mita, ko a jikin ɗan akwatin da ake danna lambobin kati, akwai ƙaramar jar fitila mai ƙiftawa. Yawan ƙiftawarta shi ne yawan wutar da gida ke ja a lokacin. Ka kashe komai, ka zare duk abin da ke jikin soket har da firji da caja, sannan ka tsaya ka kalle ta minti biyar. In ta tsaya cik, ba wanda ke jan wutarka. In tana ci gaba da ƙiftawa, je ka kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya. Ta tsaya bayan nan? To matsalar tana cikin gida, ko dai wata waya ta goge tana zubar da wuta a bango ko a ƙasa, ko akwai wani layi da ka manta da shi. Ba ta tsaya ba? To tsakanin mita da gidanka wani ya ɗaura waya.

Sannan ka riƙa rubuta yunit ɗin da ya rage da ƙarfe goma na dare da kuma bayan sallar asuba, kwana uku a jere. Dare ɗaya da esi, dare ɗaya babu. Gani ya kori ji.

A cikin gidajen da na je, kaɗan ne na tarar laifin mitar ne. Abin da na fi samu shi ne tsohuwar firiza 'yar Kwatano wadda robar bakinta ta saki, injinta ba ya hutawa dare da rana. Sai injin ruwa da ake kunnawa a manta, tanki ya cika ya yi ta zuba. Ɗan makunni mai yawo a cikin tanki wanda ke kashe injin da kansa bai kai kuɗin wutar sati ɗaya ba.

Uwar_Tagwaye:
Gwajin nan na Mai Wayarin gaskiya ne, ni ganau ce. Gidan haya muke, sashe biyu, kowa da mitarsa. Wata huɗu muna ta faɗa da maigidana, yana cewa ni ce nake kunna hita in ya fita, ina rantsuwa ba ni ba ce. Ranar da ƙanena ya zo ya kashe komai, fitilar nan ba ta daina ƙiftawa ba. Da aka bi waya ta cikin silin, ashe injin rijiyar gidan gaba ɗaya a kan mitarmu yake tun lokacin gini. Mu ne muke biyan ruwan gida biyu har da masu zuwa ɗiba daga waje. Ba wanda ya yi da gangan, su ma maƙwabtan ba su sani ba, kuma da aka zauna sun yarda a riƙa raba kuɗin. Amma watannin nan huɗu na ɓacin rai a cikin gida har yanzu ina jin su a raina.

Hajiya_Mai_Ƙanƙara:
Ku masu gida kuna maganar rage fanka. Mu fa da wutar ce jarinmu? Firiza uku gare ni, da su nake yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da su nake biyan kuɗin makarantar marayun da ke hannuna. Tun da aka sa mu a wannan Band ɗin, abin da nake samu a firiza ɗaya kusan duk mita ke cinyewa. Na ƙara kuɗin ƙanƙara, masu saye suka ragu, domin su ma ba su da shi. Yanzu na kashe ɗaya sai azumi.

Abin da na koya da kaina: kada a sa zoɓo da ɗuminsa, a bar shi ya huce sarai. Kada a jingina firiza da bango, a bar mata wurin shan iska, a riƙa goge ƙurar bayanta. Tawa ɗaya tana rumfar da rana ke dukanta da yamma, da na matsar da ita cikin ɗaki na ga bambanci. Kuma na sa mata kwaɗo saboda yara, kowane buɗewa kuɗi ne.

Maman_Khairat:
Allah ya dafa miki Hajiya, ya ba ki ladan riƙon marayu.

Ɗan_Gusau:
Ni da zan samu mitar da kuke kuka da ita, da na yi sadaka. Mu har yau bil na ƙiyasi ake kawo mana. Watan da transfomarmu ta ƙone mun yi kwana 23 a duhu, amma takarda ta zo da kuɗi kamar ba abin da ya faru. Mu muka yi karo-karo, kowane gida ya ba da nasa, aka gyara transfomar. Sannan aka zo da tsani za a yanke mana wuta saboda bashi. Mai mita in ya kashe fanka ya ga amfanin kashewar. Ni ko na kwana a duhu da gangan, abin da za a rubuta mini za a rubuta.

Lauyan_Unguwa:
Ɗan Gusau, akwai abubuwan da doka ta ba ka waɗanda mutane da yawa ba su sani ba. Tun watan Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit ɗin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, gwargwadon abin da masu mita na yankinsa ke sha. Sayen transfoma da turakun wuta da waya ko gyaransu haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne, ba na jama'ar unguwa ba. Idan ba ka yarda da bil ba, kana da damar ƙalubalantarsa, ka ci gaba da biyan daidai na ƙarshen da ba ku yi jayayya a kansa ba har a warware. Amma a rubuce ake yi, ba da cacar baki da masu tsani ba. Ka kai takarda sashen karɓar ƙorafi na kamfanin, a buga maka hatimi a kwafinka. In ba su warware ba, ka wuce ofishin sauraren ƙorafi na NERC da ke kula da jiharku.

Abban Hanifa, kai ma ka duba ko ana cire maka tsohon bashi a duk lokacin da ka loda. Ko da yake lissafin Malam ya nuna yunit ɗinka ya cika, masu karatu da yawa za su ga nasu bai cika ba. Wanda ya shiga gidan haya ya tarar da bashin wanda ya tashi, ba shi ne zai biya ba.

Ɗan_Gusau:
Barista na gode. Sai dai ka san yadda abin yake, mu talakawa in muka ce za mu jira a zo a gyara transfoma, sai mu shekara. Dole ce ke sa mu karo-karo. Zan dai rubuta takardar, mu ga abin da Allah zai yi.

Sarkin_Yaƙi:
Ku daina wahalar da kanku. A layinmu gida nawa ne esi da hita ba sa bi ta bayan mita? Ka samu yaro ya zagaye maka manyan kayan, ka bar fitila da fanka a kan mita. Wanda ya zalunce ka in ka rama ba ka yi laifi ba.

Gwani_Na_Tudu:
Sarkin Yaƙi, ka ji tsoron Allah, kada ka koya wa mutane wannan a bainar jama'a. Zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka ɗaukar abin da ba ka biya ba. Kuma ka duba wa abin yake komawa. Wutar da ka sha ta bayan mita ba ta ɓace a iska ba, an auna ta a transfoma, kuma a kan irin su Ɗan Gusau marasa mita ake neman cike giɓin. Ka ga ba kamfani kaɗai ka rama wa ba, har da maƙwabcinka talaka. Ga shi da wutar za a dafa abin da iyalinka za su ci, a dumama ruwan da za ka yi alwala da shi.

Sarkin_Yaƙi:
Allah gafarta Malam, na ji. Amma su ma a riƙa yi musu wa'azin. An ce Band A awa 20 ne a rana, wallahi mu ranar da muka samu 13 murna muke yi. Kuɗin awa 20 ake karɓa. Wannan ba cin haƙƙi ba ne?

Gwani_Na_Tudu:
Cin haƙƙi ne, ban musa ba, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin abin da bai bayar ba zai amsa tambaya. Sai a bi ta hanyar da Barista ya faɗa.

Mai_Wayarin:
Ni ta ɓangaren sana'a zan yi magana. Haɗin bayan mita yawanci da siririyar waya ake yinsa, a murɗa da hannu a naɗe da salatif a tura cikin silin, ba fis ba komai. A ɗora mata esi da hita, ta yi zafi a inda ba mai gani. Na taɓa zuwa gidan da silin ɗin ɗakin yara ya kama da tsakar dare ta wannan hanyar, Allah ne ya kiyaye aka fitar da su. Tun daga ranar ko nawa za a ba ni ba na yi. Kuma dokar wutar lantarki ta 2023 ta tanadi tara ko ɗauri a kan satar wuta, ban da kuɗin da kamfani zai ɗora maka in an kama.

Lauyan_Unguwa:
Kan maganar awanni: Band A awa 20 ne mafi ƙaranci, B 16, C 12, D 8, E 4. Ƙa'idar da NERC ta fitar a 2024 ta ce layin Band A da aka kasa ba shi awanninsa kwana bakwai a jere, a sauke shi zuwa matakin da ya dace da abin da yake samu. Matsalarmu ita ce ba ma rubutawa. Kowa ya ce "ba a ba mu wuta", amma ba mai takardar da ta nuna ranar kaza an ɗauke ƙarfe kaza an dawo ƙarfe kaza. Gidaje goma su riƙe littafi na wata ɗaya, mai unguwa ya sa hannu, wannan hujja ce mai nauyi.

Injiniya_Sola:
Ni na gaji da jira ne tun abin da ya faru a Oktoban 2024. Kun tuna, babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace saboda ɓarnar da aka yi masa, sai na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta shiga duhu sama da mako guda. Ga fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, janareta ta zama sai dole. A lokacin na yanke shawara.

Amma zan faɗi gaskiya ko da sana'ata ce: sola ba ta kowa da kowa ba ce a tashi ɗaya, kuma kuskuren da ake yi shi ne a ce sai wadda za ta ɗauki gida duka har esi. Abban Hanifa, lissafin Malam ya nuna kusan rabin wutarka fanka ce. To fara daga nan. Fanka mai aiki da batir kai tsaye tana cin wat 15 zuwa 30 ne, wato ƙasa da rabin ta silin. Faranti biyu, batir ɗaya mai kyau, fankoki uku da fitilu, ka cire su daga kan mita gaba ɗaya. Firiza da injin ruwa su zauna a wutar kamfani. In hali ya samu a ƙara. Ka kula da batir, nan ne ake cutar mutane, a sayar maka tsohon da aka yi wa fenti. Kuma lokacin hunturu sai ana wanke farantin, ƙura tana rage masa ƙarfi sosai.

Bazazzage77:
Injiniya, wanda 20,000 ta wuta ta gagara, ina zai samo kuɗin faranti da batir? Shawarar masu hali ce wannan.

Injiniya_Sola:
Gaskiyarka ɗan'uwa, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wasu adashi suke shiga don shi. Wanda bai da hali ya fara da fanka ɗaya mai caji da canza ƙwayayen fitila, shi ma ragi ne.

Ɗan_Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun farko. Mu nan Maraɗi kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, ta layin Katsina yake shigowa, Yamai kuma ta Birnin Kebbi. Da anka yanke muna shi a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, mun ga tashin hankali, sai a Maris na 2024 anka maido. Masu walda da teloli da masu sayar da ruwan sanyi su sunka fi shan wuya. Tun lokacin mutane da yawa sunka koma ga sola, ko ƙaramin faranti ne na caja da fitila. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu muna ganin ku ne masu wuta, ga Kainji ga Jebba ga Shiroro, ashe ku ma kuka kuke yi.

Ɗan_Fagge:
Har da Zungeru mai megawat 700 da aka ƙara. Madatsun duk a Arewa suke, amma ka ga yadda muke. Allah ya kyauta.

Baba_Na_Gwammaja:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a matsayin wanda ya girme ku. Na yi zamanin NEPA, na ga an mayar da ita PHCN, na ga an sayar wa 'yan kasuwa a 2013. Amma abin da nake so ku duba shi ne gidajen da muke ginawa yanzu. Gidan da aka haife ni na ƙasa ne, bango mai kauri, rufin azara. Da rana tsaka ka shiga soro sai ka ji sanyi kamar an yayyafa ruwa. Ga bishiyar darbejiya a tsakar gida, ga randa a gindinta. Da bazara kowa tabarma yake fitarwa waje. Yanzu bulo ne siriri, kwano a sama, an malale tsakar gida da siminti, an sare bishiya don a samu wurin mota, tagogi kuma ƙanana a ɓangare ɗaya. Siminti ya sha rana tun safe, da dare ya yi ta amayar da zafi. Dole fanka biyar ta kwana tana juyawa. Ban ce a koma ginin ƙasa ba, kuma na san rashin tsaro ya hana mutane kwana a waje. Amma mai shirin gini ya ɗaga rufi, ya sa silin mai kyau, ya yi tagogi masu kallon juna, ya dasa bishiya ta yamma da ɗaki. Wadda na dasa shekara 12 da suka wuce, yau ɗakin da take yi wa inuwa shi jikokina ke rububin kwana.

Maman_Khairat:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Maganar siminti gaskiya ce, tsakar gidanmu ko ƙarfe goma na dare ba a iya taka ta ba takalmi.

Ina da tambaya ga Malamin Lissafi. Ruwan wankan yara da safe, hita ko gas, wanne ya fi sauƙi? Mu mata mu ake ɗora wa laifin hita kullum.

Malamin_Lissafi:
Maman Khairat, bokiti mai lita 20 in za a ɗumama shi daidai wanka yana cin wajen kashi bakwai cikin goma na yunit, wato kusan naira 160 a Band A. Bokiti uku kullum, a wata ya ɗan haura 14,000. Ga wanda ke ƙananan Band hita ba ta kai haka ba. Kwatanta da gas ya danganta da yadda kike sayen kilo a unguwarku, sai ki auna. Abin da ya fi ɓarna shi ne a jefa hita a manta har ruwa ya tafasa, sannan a zo a sirka da na sanyi. Kuma don Allah a kula da yara, hitar bokiti ta yi sanadin rayuka.

Uwar_Tagwaye:
Ni baƙar jarka nake cikawa in ajiye a rana, da la'asar ruwan ya yi ɗumin wanka. Na safe kuma in an gama girkin dare a kurfoti sai in ɗora tukunya a kan ragowar garwashi in juye a fulas. Sai dai kada a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa. Haka ma janareta a baranda kusa da taga.

Abban_Hanifa:
'Yan'uwa na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi gwajin Mai Wayarin. Da na zare komai fitilar ta tsaya cik, don haka ba mai jan wutata, kuma na ji daɗin hakan don zuciyata ta fara zargin wani bawan Allah. Na rubuta dare uku. Daren da ba esi, daga goma zuwa asuba, yunit 3 da ɗan kai. Daren da na kunna ta awa huɗu, kusan 8. Firizar kuma na sa takarda a bakinta na rufe, na ja ta fito salin-alin, robar ta mutu. Gobe za a canza. Na kuma ba maiɗakina haƙuri, don ita na fi ɗora wa laifi.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne awannin. A kwana ukun nan na rubuta: 15, 12, 16. Ko sau ɗaya ba mu kai 20 ba.

Bazazzage77:
To ka gani. Ni ma na yi gwajin, tawa ma ta tsaya, amma har yanzu ban gamsu ba. Tsayawa daban, ƙirga daidai daban. Mai Wayarin, akwai yadda za a gane ko tana ƙirga fiye da ƙima?

Mai_Wayarin:
Akwai. Ka duba fuskar mitar za ka ga an rubuta adadin ƙiftawar da ke yin yunit ɗaya, wasu 1,000, wasu 1,600, wasu 3,200. Sai a kashe komai a kunna abu ɗaya da aka auna cinsa da na'ura, a ƙirga ƙiftawar minti shida, a ninka sau goma, a raba da adadin da ke fuskar mitar, a ga ko ya yi daidai da yunit ɗin da abin ke ci a awa ɗaya. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikin kayan, don in wuta ba ta da ƙarfi cinsa yana canzawa. In ta nuna bambanci mai yawa, kamfani za ka rubuta wa su zo su gwada. Kada ka bari kowa ya ɓalle hatimin, a kanka zai ƙare.

Lauyan_Unguwa:
Abban Hanifa, ci gaba da rubutawa, kada ka tsaya a kwana uku. Ka samu wasu a layinku su ma su riƙe nasu.

Hajiya_Mai_Ƙanƙara:
Ni kuma tsorona ke nan, Barista. In aka yi ƙorafi aka sauke mu zuwa Band C, kuɗi zai ragu amma wutar fa? Awa 12 a rarrabe ba ta daskarar da ƙanƙara. Ni a ba ni awa 20 ɗin da aka yi alkawari, ko da tsadar zan san yadda zan yi.

Abban_Hanifa:
Hajiya, ni kuma da za a ba ni zaɓi, awa 12 mai sauƙin kuɗi zan ɗauka, in dai za ta riƙa zuwa da dare. Na yi magana da mutum huɗu a masallacinmu bayan isha'i, biyu ra'ayinki ne, biyu nawa. Mun dai yarda kowa ya sayi littafi ya fara rubutu daga ranar Asabar. Barista, takardar da sunan mutum ɗaya za a rubuta ta ko da sunan unguwa?